Yashi-yashi a hoto: abin da mai hoto a ƙasar Gobir zai duba kafin ya sauya kyamara

"Malam, hoton ga bai hita ba." Duk wanda ya rataya kyamara yana neman abinci da ita a Sabon Birni ko Isa ya san wannan magana, ya kuma san irin hoton da ake faɗinta a kansa. Ba a faɗinta a kan wanda aka ɗauka a filin idi da hantsi. Hoton amarya ne a ƙuryar ɗakinta, ko na walimar sauka da ta kai bayan magariba, ko na dattawa a zaure ranar suna. A ɗan allon da ke bayan kyamara komai lafiya lau. Sai an buɗe shi a kwamfuta, ko an wanko shi a takarda, sannan a ga fuska ta cika da ƙananan ɗige-ɗige, inuwar bango ta yi ja-ja da kore-kore, aikin wuyan riga ya cakuɗe. Masu sana'ar suna ce masa noyis, mai biki kuwa ya ce hotonsa ya yi yashi-yashi.

Abin da ke fara zuwa a ran matashin da wannan ya sama shi ne kyamararsa ta yi masa kaɗan. Yawanci da ƙarama aka fara, irin su Canon 1100D ko 600D, waɗanda suka fito a 2011, ko Nikon D3100 ta 2010, ko D3200 ta 2012. Ta hannu aka saya, ta biyo ta Legas ko Kano ko Maraɗi, da gilashinta na gida mai lamba 18-55. Sai ya fara tarin kuɗi, yana tambayar farashin manya irin su 5D. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa, duk wani kaya da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin kyamara ɗaya na iya cinye aikin watanni.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mafi yawan yashin da ke ɓata hotuna a wannan yanki ƙarancin haske ne ya haife shi, kuma haske ya fi kyamara araha nesa ba kusa ba. Akwai ranar da sauyin kyamara ke zama dole, zan zo kanta, amma tana zuwa ne a bayan abubuwa uku ko huɗu da ba su kai rabin kuɗinta ba.

Daga ina yashin yake fitowa?

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, an jera masa miliyoyin ƙananan idanu, kowanne aikinsa ya ƙirga hasken da ya sauka a kansa. Asalin wannan fasaha daga Amurka yake. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irinta ta farko a 1969, har ta jawo musu kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Idanunta dubu goma ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Ƙaramar kyamarar da matashin Isa yake rainawa yau tana da idanu miliyan 12 zuwa 24.

Shi haske ba ya sauka kamar shimfiɗa. Ɗigo-ɗigo yake zuwa, ba bisa tsari ba. Dubi tsakar gida lokacin da yayyafi ya soma: nan ya jiƙe, can a bushe, ƙasa ta yi dabbare-dabbare. Da ruwa ya kece sosai, ko'ina ya jiƙe bai ɗaya. Haka sensa take. Idan hasken da ya shigo kaɗan ne, wannan ido ya sami ɗigo da yawa, maƙwabcinsa ya sami kaɗan, alhali abu ɗaya suke kallo. Wannan bambanci shi ne yashin da muke gani.

Masana sun san lissafinsa. Idon da ya kamata ya sami ɗigo 100, abin da zai samu yakan yi sama ko ƙasa da kimanin 10, wato kashi goma cikin ɗari. Wanda ya kamata ya sami 10,000 kuwa, saɓaninsa kimanin 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Ma'anar wannan ga mai sana'a ita ce, in ya ninka haske sau huɗu, yashi ya ragu da rabi. Babu kamfanin da ya isa ya soke wannan lissafi, domin a jikin hasken yake, ba a jikin na'ura ba. Kyamarar miliyoyin naira ma in aka hana ta haske za ta yi yashi.

Akwai ƙarin hanyoyi biyu da na'urar ke sa nata. Na farko, wayoyin cikinta suna ƙara ɗan gurɓata lokacin da suke karanta abin da sensa ta tara, kuma a nan ne sababbin kyamarori suka fi tsofaffi. Na biyu zafi ne, wanda ya shafe mu kai tsaye. Sensa tana haifar da ɗigon ƙarya ko da babu haske, kuma yawansa yakan ninka duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri 6 zuwa 8. A bazarar gabashin Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kyamarar da ta wuni cikin baƙar jaka a kan tankin babur ta riga ta ɗauki zafi kafin a fara aiki. A hoton ƙyaftawa ɗaya da rana ba za a lura ba. Amma a bidiyon da aka daɗe ana ɗauka, ko hoton dare da aka bar ƙofar kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi, sai a ga jajayen ɗigo da shuɗaye sun fito. Maganinsa inuwa, da kashe allon baya in ba a buƙatarsa, da barin na'urar ta huce tsakanin aiki da aiki.

Laifin da ake ɗora wa ISO

A wurin koyon sana'a an saba gargaɗin yaro kada ya kuskura ya wuce ISO 400 ko 800, wai shi ke kawo yashi. Gargaɗin yana da tushe, amma an fahimce shi a baibai. ISO ba ya ƙara haske, ba ya rage shi. Abin da sensa ta riga ta tara yake ɗagawa don ya fito. Ana ganin yashi tare da babban ISO ne saboda a wuri mai duhu ake ɗaga shi, kuma duhun ne mai laifin.

Ga inda wannan tsoro yake cutarwa. Mai hoto ya shiga ɗaki mai duhu, ya ƙi ɗaga ISO, hoton ya fito baƙi ƙirin, ya ce zai haskaka shi a kwamfuta. Da ya ja hasken sama, sai yashin ya fi wanda ya guda muni, wani lokaci har da layi-layi a cikin inuwa. Tsofaffin Canon sun yi suna a wannan matsala. Hoton da aka ɗauka a ISO 1600 ya sami haskensa daidai tun a kyamara ya fi wanda aka ɗauka a 400 aka jawo shi da ƙarfi daga baya. Wani kuma don gudun ISO sai ya rage saurin ƙyaftawa zuwa 1/15, hannu ya girgiza, mutum ya motsa, fuska ta zama biyu. Hoto mai yashi ana iya rage masa, ana iya wanke shi ƙarami ya ɓuya. Hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. Ga mutum a tsaye kada a sauka ƙasa da 1/100, ga masu rawa da yara a nemi 1/250, ga dawakin hawan salla a kai 1/1000, sannan a bar ISO ya hau inda zai hau.

Akwai kuma abin da littattafan da ke zuwa cikin kwalin kyamara ba su damu da shi ba, mu kuwa kullum muna cikinsa. Mutanenmu baƙaƙe ne, tufafin bikinmu farare. Dattijo ya sha farar babbar riga da farin rawani, fuskarsa na tsakiya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mai da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, don haka da ya ga farin yadi ya cika hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Riga ta fito toka-toka, fuska ta nutse. Mai hoto ya zo ya ɗaga fuskar a kwamfuta, yashi ya taru a daidai wurin da mai biki zai fara kallo. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun zamanin fim, kamfanin Kodak ya shekara da shekaru yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton farar mace. Gyaran a hannun mai kyamara yake: ya auna haske a kan fuska, ko ya ƙara ma'auni da ɗigo ɗaya, wato +1, yana lura kada aikin zaren riga ya ƙone ya ɓace. In da hali ya juya mutum ya fuskanci ƙofa ko taga, maimakon ya ba ta baya. Wannan juyi kaɗai, wanda ko kwabo ba a kashe masa, ya fi sauyin kyamara tasiri a ɗakin amarya.

Kafin a yanke wa kyamara hukunci, a tabbata ma yashin ne. Ƙurar hunturu tana shiga ta zauna a kan sensa duk lokacin da aka cire gilashi a fili. Alamarta baƙin tabo ne da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ya fi bayyana a sararin sama in an tsuke ƙofar haske zuwa f/16. Wannan shara yake so, da ɗan famfon iska na roba, ba da baki ko gefen riga ba. Haka nan hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, ya fashe. In za a kai wurin wanki, a tura shi a matsayin fayil ko a kai memori.

Gilashi da fitila kafin uwar kyamara

Gilashin 18-55 da ke zuwa da ƙananan kyamarori yana da wata ɗabi'a da ba kowa ya lura da ita ba. In an jawo hoto zuwa 55, wato inda ake ɗaukar fuska, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Gilashin 50 mai f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, akwai ma na kamfanin Yongnuo da ya fi su sauƙi, yana shigo da haske kusan ninki goma na wancan. Ɗakin da ya tilasta maka ISO 6400 zai koma wajen 800 ko ƙasa da haka, a kan kyamarar da kake shirin sayarwa.

A kwatanta da abin da babbar kyamara ke bayarwa. Sensar manya irin su Canon 6D ko 5D ko Nikon D750 tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24. Ta ƙananan Canon kuwa 22.3 da 14.9 ce, ta Nikon ta ɗan ɗara haka kaɗan. Filin babbar ya ninka na ƙaramar kimanin sau biyu da rabi, hasken da take tarawa ma haka. Ninki biyu da rabi a kuɗi mai yawa, ninki goma a kuɗi kaɗan. Duk mai lissafi ya san inda zai fara.

Sai dai gilashin 50 yana da nasa sharuɗɗa. A kan ƙaramar kyamara yana matse wuri, a ɗakin ƙasa mai ƙunci ba za ka sami inda za ka ja da baya ba. Mai Nikon ya fi dacewa da 35 mai f/1.8, kuma ya kula, domin jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, tsohon gilashi mai harafin D ba zai yi saiti da kansa a kansu ba. Sannan a f/1.8 abin da ke fitowa tar ɗan siriri ne, ido ya fito, kunne ya dushe. Ga mutum ɗaya wannan ado ne. Ga layin ƙawayen amarya goma sha biyu dole a koma f/5.6, kuma a nan sai fitila.

Filashar da ke kan kyamara tana dukan fuska kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, baya ya yi duhu. Ta ɗorawa, irin ta Godox ko Yongnuo mai juya kai, ita ce abin nema. A ɗakin da ke da farin silin a harba ta sama, hasken ya dawo a tausashe. Da yawa daga ɗakunanmu rufin kwano ne ko azara, bango ja ne ko an yi masa shuɗin fenti, in aka harba a can launin zai dawo a kan fuska. Sai a sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin yadi a gefe a harba a jikinsa. A kuma tuna da dokar nisa: in aka matso da fitila zuwa rabin nisanta, haskenta a kan fuska ya ninka sau huɗu. Fitilar caji ko ƙwan sola da ke rataye can a bango bai yi komai ba, amma in aka kawo shi kusa da mutum ya zama kayan aiki. Masu bidiyo su riƙe 1/50 ko 1/100 in suna ƙarƙashin wutar gari ko janareta, don kada hoton ya riƙa ƙifta.

Wata magana ta dole ga wannan yanki. Akwai garuruwa da ƙauyukan da walƙiyar filasha da dare a fili ba abin so ba ce, saboda halin tsaron da kowa ya sani. Wannan ma wani dalili ne na fifita gilashi mai faɗin ƙofa, da roƙon masu biki a yi hotuna tun la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi, haskenta ya fi dacewa da fatarmu.

Ranar da sauyi ya zama dole

Idan mutum ya sami gilashi, ya sami fitila, ya iya auna fuska, amma aikinsa ya koma wurin da ba a yarda da filasha ba, kamar majalisin karatu da dare ko bidiyon wa'azi, ko kyamararsa ta kasa kama saiti a duhu, ko masu ba shi aiki suna son manyan hotunan bango, to lokaci ya yi. A nan ma akwai ramuka.

Na farko, lamba tana ruɗi. A tsarin Canon, ƙarancin lambobi shi ne girma: 6D ta fi 60D, ita kuma ta fi 600D. Wanda ya ba da 600D ya karɓi 4000D don ya ga lambarta ta fi yawa kuma ta fito a 2018, bai ci gaba ba, domin duk biyun megafiksel 18 ne kuma sensarsu 'yan zamani ɗaya ne. Yawan megafiksel ma ba ya maganin yashi. Hoton inci 5 da 7, wanda aka fi wankewa a biki, megafiksel uku da ɗoriya ya ishe shi, kuma duk lokacin da aka ƙanƙanta hoto yashinsa na raguwa da kansa. Mai hoto ne kawai ke zuƙo hoto har ƙarshe a kwamfuta yana ƙirga ɗigo. Mai biki a takarda ko a waya zai gani.

Na biyu, gilashin da ke hannunka ba lallai ya bi ka ba. Na Canon mai alamar EF-S ba ya hawa 6D ko 5D sam. Na Nikon mai DX yana hawa D750, amma tsakiyar sensar kawai zai yi aiki da ita, an yi ba a yi ba ke nan. Kuɗin sauyi ya haɗa da na gilashi.

Na uku, tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi a ciki, hanyar da Sony ta riga su bi. Wannan ya sa ƙwararru a ƙasashen waje suna ta sakin tsofaffin manyansu, irin su 5D Mark III da 6D na 2012 da D750 ta 2014, kuma su ne ke gangarowa kasuwanninmu. A ganina waɗannan sun fi dacewa da mai aiki a Gatawa ko Unguwar Lalle ko Bafarawa, saboda batir da ƙura. Bisa ma'aunin kamfanonin, D750 na ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, ƙaramar D3500 ma 1,550, ita kuwa Sony A7 III wajen 700. A garin da cajin batir sai an je shagon mai sola, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Marasa madubin sun fi iya kama ido a duhu, sun fi kyau a bidiyo, amma a yawancinsu da an cire gilashi sensa na tsirara a gaban iska.

Mai sayen ta hannu ya tambayi yawan ƙyaftawar da ta yi. Ƙanana an gina su ne su kai wajen 100,000, 5D Mark III da D750 kuwa 150,000. Ya rufe gilashi da murfinsa ya ɗauki hoto na daƙiƙa goma, ya duba ko akwai ɗigon da ya mutu. Ya ɗauki farin bango a f/16 ya ga ƙura ko ƙarzuwa. Ya haska tocila cikin gilashi. Kada ya saya a hoton waya, gani ya kori ji.

Manhaja da zanen fuska

Yanzu an zo wurin da ya fi damuna. Manhajojin rage yashi sun yi ƙarfi ƙwarai. DxO ta fito da PureRAW a 2021, Adobe ta sa irin wannan a Lightroom a 2023, akwai kuma na kyauta irin su darktable da RawTherapee. Duk sun fi aiki da fayil ɗin RAW, wanda ke riƙe da duk abin da sensa ta gani, don haka aikin da ke da muhimmanci a ɗauke shi a RAW ko da zai ci memori. Masu ƙarfin cikinsu suna son kwamfuta mai ƙarfi, wasu kuma kuɗin wata-wata da intanet. Wanda ya zauna a Sabon Birni ko Isa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ya san ba a jingina sana'a kacokan a kan intanet.

Amma babbar matsalar ba ta kuɗi ba ce. Manhaja ba ta san bambancin yashi da siririn zane ba. In aka matsa mata, sai ta goge su tare. A ƙasar Gobir kuwa siririn zane a fuska shi ne asali. Tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, a fuskar dattijo ta riga ta lafa ta bi jikin fata, ba ta fitowa sai da haske mai zuwa daga gefe. Ita ce farkon abin da manhaja ke sharewa, sai saƙar rawani, sai aikin allura a wuyan riga, sai zanen lalle. Wayoyin hannu sun fi kowa wannan aika-aika, domin da yawansu suna sulɓe fuska tun kafin mai waya ya gani. Matasa ma sun saba, har suna cewa a gyara musu fuska, a sa su yi haske. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin a yi masa yadda yake so. Amma mai sana'a ya ajiye na asalin, kuma in tsoho ne a gabansa ya rage ja-ja da kore-koren kawai, ya bar ɗan yashin da ya rage. Tsagar tana ƙarewa, ba a cika yi wa yaran yanzu ba. Masu ɗauke da ita cikakkiya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Alƙalawa ta isa ta koya mana darajar wannan. Birnin da Sarkin Gobir Babari ya mai da hedikwata a bakin gulbin Rima a ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki kuma kabarinsa yake, ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Sai a 1839, shekara 31 bayan haka, aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Ba wanda ya taɓa ganin hoton Alƙalawa tana raye, ko ƙofofinta, ko fuskar Bawa. Abin da ya rage rubutun malamai ne, da kirari, da bakin tsofaffi, da kufai. Gobirawa sun sake kafuwa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Zuriyarsu ce ke zaune gaban kyamara yau a kowane ɗaurin aure.

Ga kufai da kabari da tsofaffin takardu, abubuwan da ba sa motsi, ƙaramar kyamara ba ta da wata kasawa ko kaɗan. A kafa ta a kan ƙafa uku, ko a ɗora ta a kan buhu, a sa ISO 100, a bar ƙofarta ta daɗe a buɗe gwargwadon buƙata. In duhu ya yi yawa, a ɗauki hoto huɗu ba tare da motsa ta ba a haɗe su a kwamfuta, yashi zai ragu da rabi, goma sha shida kuma ya koma rubu'i. Dabarar da wayoyi ke yi ke nan in an sa su a tsarin dare.

Akwai kuma dalilin da ya wuce tarihi. Mutumin Kano ko Abuja, in aka ce masa Sabon Birni, abin da ke zuwa masa a ido bidiyon waya ne mai dishi-dishi daga daji, irin wanda ya yaɗu a watan Agustan 2024 na Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga kafin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Waɗannan gaskiya ne, ba a ɓoye su. Amma ana noma a fadamar Rima, ana cin kasuwa, ana sauke Alƙur'ani, ana kai amare. Ɗan jarida daga nesa ba zai zo ya ɗauki wannan ba, hanyar ma tsoronta yake ji. Ɗan gari mai tsohuwar 600D shi ne kaɗai yake wurin, kuma bai kamata ya zauna jiran ranar da zai mallaki babbar kyamara ba.

Ɗan'uwa mai shirin sauyi, kafin ka kai kuɗinka kasuwa ka yi gwaji ɗaya. Ka aro gilashi mai f/1.8 wurin abokin sana'a, ka zaunar da wani dattijo a bakin ƙofar zaure bayan la'asar, haske na zuwa masa daga gefe, ka auna a kan fuskarsa, ka ɗauka a RAW, ka wanko shi a girman da kake sayarwa. In tsagarsa ta fito ana iya ƙirga ta, kyamararka ba ta gaza ba tukuna. Ka sayi gilashin, ka ƙara batir na biyu, sauran kuɗin ka nemi wurin ajiyar hotuna da shi, don kada aikin shekaru ya tafi da lalacewar memori ɗaya.